Auren Afiniki a Shekarar Fara

Akwai wani manomi a wani ƙauye da ke gindin dutse, ana ce da shi Irmiya. Mutum ne mai ƙwazo, mai tsoron Allah. Ba a taɓa jin ya ci iyakar gonar wani ba, kuma kafin a buga ƙararrawar sujada yana zaune a bencinsa. Amma yana da wani hali da mutanen gidansa suka sani, maƙwabta ma suka sani: Irmiya ba ya yin murna yau, kullum murnarsa tana gaba. In ruwan shuka ya sauka, matarsa Dinatu ta ce a gode wa Allah, sai ya ce a bari tukuna a ga tsiro. In shuka ta tsiro, ya ce a bari ta fid da kai. In ta fid da kai, ya ce sai ta shiga rumbu. In kuwa ta shiga rumbu, sai ya tsaya yana dubanta yana tunanin ko za ta kai su wata kakar. Haka ya yi ta ɗaga murnarsa daga wannan wata zuwa wancan, har furfura ta cika masa kai.

'Ya'yansa maza sun girma, sun kama gidajensu a nesa. Saura autarsa Afiniki, budurwa mai son waƙa. Tana daka tana waƙa, tana ɗebo ruwa tana waƙa, ranar Lahadi kuma ita ce mai ba da waƙa a cikin mawaƙan majami'a. Akwai wani saurayi mai suna Sila, ɗan wani dattijo da ake kira Zakka, a ƙauyen da ke hayin rafi. Sila da Afiniki sun daɗe suna son juna. Iyaye sun sani, ikkilisiya ta sani, har an yi baiko. Amma duk lokacin da mutanen Zakka suka zo neman a sa rana, sai Irmiya ya ce a dakata.

Ba ƙin yaron yake yi ba. Shi dai maraya ya tashi, kuma ranar aurensa da Dinatu abinci bai kai ba, baƙi suka watse da yunwa. Da kunnensa ya ji wata tsohuwa tana faɗin haka a bakin ƙofa, maganar kuwa ba ta taɓa barinsa ba. Saboda haka ya ƙudura a ransa, ranar da zai aurar da autarsa, ko kare ya ratsa ta ƙofar gidansa sai ya tafi da ciki cike.

Sai ga wata shekara damina ta yi kyau irin wadda tsofaffi suka ce sun daɗe ba su gani ba. Geron Irmiya ya fi shi tsawo, zangarniya kamar damtsen mutum, dawa kuma ta yi duhu har ba a ganin wanda ya shiga cikinta. Da ya ga haka sai ya aika wa Zakka cewa a shirya, aure sai Asabar ɗin da ke bin sujadar godiyar kaka. Murna ta cika gidajen biyu. Shi kuwa Irmiya kowace safiya sai ya zaga gonar yana rabo a zuciyarsa: nan na tuwon baƙi, nan na kunu, nan wanda amarya za ta tafi da shi gidanta. Dinatu ta ce masa yanzu kam ai ya saki fuska. Ya ce ta bari sai an ɗaure dami.

Gero ya soma ƙosawa, saura kaɗan a sa masa lauje, sai wata rana da tsakar rana mutane suka ga gabas ta yi duhu. Da farko an zaci hadari ne, har mata suka soma kwashe shanya. Amma hadarin nan ba iska, ba tsawa, sai wani irin kuka kamar wuta tana cin busasshiyar ciyawa. Wani tsoho ya ɗaga kai ya duba, ya ce wannan ba ruwa ba ne, fara ce.

Kowa ya ruga gona. Masu garwa suna bugawa, masu tasa suna bugawa, wasu suka hura wuta suka zuba ɗanyen ganye don hayaƙi, mata suka kwance mayafi suna kaɗawa. Irmiya ya tuɓe rigarsa yana dukan iska da ita, yana gudu daga wannan kunya zuwa waccan, muryarsa har ta dushe. In ya kore ta nan, ta sauka can. Ta hau zangarniya, ta hau ganye, ta hau kansa da kafaɗunsa, rassan itatuwa suna karyewa don nauyinta. Kafin rana ta yi sanyi, gonar da ba a ganin mutum a cikinta ta zama ana hango ƙarshenta daga bakin hanya. Kara ne kawai a tsaye, tsirara.

Irmiya ya koma gida. Kwanaki suka wuce bai sake taka gonar ba. In Dinatu ta ajiye masa abinci, sai ya taɓa kaɗan ya ture. Ranar Lahadi ya je sujada kamar yadda ya saba, domin ba mutumin da zai fasa ba ne, amma da aka tashi waƙa bakinsa a rufe yake. A ransa yana ta faɗa da Allah: me ya sa aka nuna masa abin, aka bar shi ya sa rana, ya gaya wa duniya, sa'an nan aka karɓe? Da tun farko fari aka yi, da bai buɗe baki ba.

Da suka dawo gida sai ya kira Dinatu da Afiniki, ya ce an ɗaga aure sai baɗi, in Allah ya ba da amfani. Afiniki ta durƙusa ta ce, "To, Baba." Amma daga ranar aka daina jin waƙa a gidan. Turmi yana ƙara, guga tana shiga rijiya tana fitowa, ba muryar da ke raka su. Shirun nan ya fi yunwa damun Dinatu. Ta sami mijinta ta ce masa ita ba za ta yi masa gardama ba, amma wannan ba saƙon da za a ba ɗan aike ba ne. Shi ya sa ranar da bakinsa, sai ya je da ƙafarsa ya cire ta a gaban Zakka.

Washegari da sassafe ya ɗauki sandarsa ya kama hanya. Yana tafe yana shirya maganar da zai yi, yana kuma shirya fuskar ta'aziyya, gama ya ji labari farar ta fi yin ɓarna a hayin rafi, can ma ta yada zango. Amma yana haye rafin sai ya ji waƙa. Ya tsaya ya kasa kunne, ko kuka ne ya ji kamar waƙa. A'a, waƙar yabo ce, har da tafi. Da ya matsa sai ya ga mata da maza a cikin sabara da ƙananan itatuwa, kowa da buhu. Sanyin asuba da raɓa sun kashe wa farar jiki, ba ta iya tashi, su kuwa suna kakkaɓe ta cikin buhuna kamar masu roron wake.

A ƙofar gidan Zakka ƙanshi ne ya tarye shi. An girke manyan tukwane ana tafasa fara da gishiri, an baza wadda aka tafasa a kan tabarmi tana shan rana, wata kuma tana cikin kasko ana soya ta da ɗan man gyaɗa. Zakka yana zaune a kan turmi yana fige fikafikai, tsoho siriri mai giɓi, yana ba jikokinsa dariya. Da ya ga baƙonsa sai ya tashi da murna, ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa. Bayan sun gaisa, sun yi wa juna jaje, sai aka ajiye musu faranti cike da soyayyiyar fara, an barbaɗe ta da yaji.

Irmiya ya kau da kai. Ya ce shi ba zai iya sa abin da ya kashe shi a baki ba.

Zakka ya ɗauki guda ya tauna, ya ce, "Malam Irmiya, ai geronmu ne a cikinta. Ta ci namu ta yi ƙiba, mu ma sai mu karɓi abin da ya samu. Ɗanɗana ka ji, wannan daga gani a gonarka ta yi kiwo, ta fi sauran maiƙo."

Mata suka yi dariya daga bakin murhu. Irmiya bai yi ba. Ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da ya kawo shi: ba shi da abin da zai ba baƙi, ba zai tara jama'a ya kunyata 'yarsa ba, a yi haƙuri sai baɗi.

Zakka ya goge hannunsa, dariyar ta bar fuskarsa amma hasken bai bar ta ba. Ya tambaye shi wa ya ba shi tabbacin baɗi fara ba za ta dawo ba, ko ruwa ba zai ɗauke ba, ko su biyun za su kai. Irmiya ya ce babu. Sai Zakka ya ce, "To, ka gani. Ranar da muka tsaya gaban ikkilisiya muka ce za mu haɗa yaran nan, da Allah muka yi maganar, ba da gero ba. Gero ya tafi. Wanda muka yi maganar da shi yana nan."

Irmiya ya ɗago ya dube shi da kyau. Ya ce, "Kai ba ka jin tsoro ne? Gonarka ta fi tawa lalacewa, gidanka ya fi nawa baki. Me za ku ci har wata damina?"

"Ban sani ba," in ji Zakka. "Kada ka ga ina dariya ka ce ban yi kuka ba. Ranar da abin ya faru, a tsakiyar gona na zauna na yi kuka kamar yaro. Na gaya wa Ubangiji duk abin da ke cikina, ban rage ba, har da wanda bai kamata tsoho ya faɗa ba. Da na gama sai na ce masa, to, ga gidan nan, naka ne tun kafin ya zama nawa, ni na kasa. Tun da na sauke masa kayan ban koma na ɗauka ba. Abincin gobe ban gan shi ba, amma na yau ga shi a faranti, kuma wanda ya kawo na yau ba zai mutu kafin gobe ba."

Zakka bai matsa masa ba. Ya ce yarinya ta Irmiya ce, abin da ya yanke su masu bi ne, ba kuwa za su riƙe shi a zuci ba. Da Irmiya ya tashi tafiya, Zakka ya sa aka ƙunsa masa soyayyiyar fara a ganye, ya ce tun da shi ba ya ci, ya kai wa Dinatu.

A hanyar komawa, maimakon ya bi ta cikin gari, sai ƙafarsa ta kai shi gonarsa. Ya shiga tsakiyar karan nan ya tsaya. Ba kowa, sai rana da kukan kurciya. Ya daɗe yana addu'a a rayuwarsa, safe da yamma, amma kullum addu'arsa a shirye take, mai ladabi, kamar mai magana da baƙo. Ran nan ya durƙusa a kan kunya ya buɗe cikinsa duka. Ya faɗi fushinsa, ya faɗi tsoronsa, ya faɗi maganar tsohuwar nan da ya yi shekaru yana ɗauke da ita. Hawaye suka zubo har suka jiƙe masa gemu. Daga ƙarshe ya ce, "Ya Uba, na gaji da riƙon abin da ba ni da hannun riƙe shi. Ga gonar, ga gidan, ga yarinyar. Abin da ka ba ni yau, ka koya mini in ce ya isa."

Da ya buɗe ido, gonar tana nan yadda take. Ko zangarniya ɗaya ba ta dawo ba. Amma wani abu da ya daɗe a ɗaure a ƙirjinsa ya kwance, numfashinsa ya sauka har ciki. Ya zauna a ƙasa yana jin iska tana taɓa shi, kamar wanda zazzaɓi ya sake shi. Sai kuma ya ji abin da ya yi kwanaki bai ji ba: yunwa. Ya dubi ƙunshin ganyen da ke gefensa. Ya ce bari ya ɗanɗana guda ɗaya. Ga gishiri, ga yaji, ga garɗi. Ya ƙara guda. Kafin ya farga ya ci fiye da rabin saƙon Dinatu, yana zaune shi kaɗai a gonar da ta lalace yana dariya.

Ya shiga gida da sauran ƙunshin a hannu, da maiƙo a baki. Dinatu ta dube shi ta dubi ganyen, ta tambaye shi ko ɓera ne ya tare shi a hanya. Ya ce babban ɓera kuwa, mai furfura. Sa'an nan ya kira Afiniki. Ta zo ta durƙusa, idonta a ƙasa.

Ya ce, "Auta, ba ni da abin da na so in yi miki. Baƙinki ba za su ci tuwon da na yi musu alkawari a raina ba. In kin yarda a kai ki a haka, rana tana nan inda take."

Ta ɗago ido cike da hawaye ta ce, "Baba, ni ba tuwo nake jira ba. Albarkarka nake jira."

Ya ɗora mata hannu a ka ya sa mata albarka. Ba a jima ba aka ji turmi yana ƙara a bayan ɗaki, da murya a kansa.

Abu mai wuya da ya rage shi ne gayyata. Irmiya ya bi gida gida da kansa, ya ajiye kunya, yana gaya wa mutane gaskiya: auren yana nan, amma ba shi da abin ba su, wanda zai zo ya zo don ƙauna. Ya zaci zai ga ana taɓe baki. Abin da ya gani dabam ne. Mutanen da suka yi makonni ba abin da suke zance sai hasara, fuskokinsu suka washe, kamar dama suna neman dalilin da zai fid da su daga zaman makoki. Matan zumuntar ikkilisiya suka taru a gidan Dinatu suka ce wannan aure nasu ne. Aka shiga duba abin da farar ta bari. Ashe ta ci na sama ne, na ƙarƙashin ƙasa ba ta kai gare shi ba. Mai ɗan rogo ya tono, mai dankali ya tono, gyaɗar Dinatu da aka zaci ta mutu da ganyenta aka tuge aka sami 'ya'ya, ko da ba su cika ba. Wata gwauruwa ta kawo kabewa biyu da ta ɓoye a ƙarƙashin gado. Wani ya share gindin rumbunsa ya kawo tsohuwar dawa a ƙwarya. Daga hayin rafi kuwa aka yi ta ɗauko buhunan busasshiyar fara a ka.

Ranar Asabar majami'a ta cika har waje. Fasto ya ɗaura auren, Sila ya amsa da ƙarfi har aka yi dariya, Afiniki ta amsa a hankali, mata suka rangaɗa guɗa. Daga nan aka ɗunguma zuwa ƙofar gidan Irmiya, matan zumunta a gaba suna buga tulu suna kaɗa caki. Aka shimfiɗa tabarmi a inuwa. Aka fito da dafaffen rogo da ƙuli, da faten kabewa, da kunun tsamiya wanda ya ɗan yi ruwa-ruwa, da fara a faifai, ja wur da yaji. Ba a yanka ko akuya ba. Zakka ya miƙe ya yi addu'ar abinci, ya gode wa Allah wanda ya aiko musu da naman biki daga sama, ba su sha wahalar kiwo ba. Amin ɗin da aka amsa rabinsa dariya ce.

Irmiya ya tsaya daga gefe yana duban faifan, tsohon tsoronsa yana leƙowa, ko abin zai kai. Sai ya lura da yadda ake ci. Kowa ya san halin da ake ciki, don haka kowa yana ɗiba kaɗan yana tura wa na kusa da shi, manya suna cika hannun yara. Abincin bai yi yawa ba, amma ya zaga, ba wanda aka tsallake. Ba kuma wanda ya yi saurin tashi. A bukukuwan shekarun ƙoshi mutane sukan ci su kama hanya; ran nan aka zauna, aka yi waƙa bayan waƙa.

Da kiɗa ya yi daɗi, Zakka ya shiga fili yana taka rawa irin ta tsofaffi, ya nufo Irmiya ya kama hannunsa. Duk garin ba wanda ya taɓa ganin Irmiya yana rawa, Dinatu ma ba ta taɓa gani ba. Ya ɗan ja baya, sa'an nan ya jefar da sandarsa ya shiga. Bai iya ba ko kaɗan. Ƙafa tana gabas, kafaɗa tana yamma, hularsa ta faɗi aka tattake. Dinatu ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, amarya ta buɗe lulluɓi don ta gani da idonta. Shi kuwa bai daina ba sai da masu tulu suka gaji.

Shekarar ta yi wuya, kada a ɓoye. Akwai watannin da sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidan Irmiya. Awakinsa suka tafi ɗaya bayan ɗaya don a sami hatsi, shi da furfurarsa ya yi ta saran itace yana kai wa gari, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Amma wanda ya shiga gidan a kwanakin nan yakan tarar da shi da Dinatu a kan tabarma, ɗan abin da ya samu a gabansu, suna godiya kamar waɗanda aka yanka wa sa. In tsoro ya taso masa, gama yakan taso, sai ya koma ya sake miƙa wa Ubangiji, ya tashi ya kama aikin ranar. Da ruwan shuka ya sauka, ikkilisiya ta raba ɗan irin da aka samu. Irmiya ya fita da sungumi, Dinatu tana binsa tana jefa iri, shi ne ma ya ɗauko waƙar.

Yanzu, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi.

Gonar ita ce duk abin da muka jingina zuciyarmu a kansa: lafiyar jiki, aiki, kasuwa, 'ya'ya, sunan da muke da shi a idon mutane. Ba mugayen abubuwa ba ne, kyautar Allah ce. Amma dukansu a fili suke, abin da ke fili kuwa ana iya cinye shi a yini ɗaya. Farar ita ce wahalar da ke zuwa ba sallama. Ku lura, ta sauka a gonar Irmiya, ta sauka a ta Zakka. Bangaskiya ba ta hana ta sauka. Wanda ya ce muku mai bin Yesu ba ya ganin hasara, bai gaya muku gaskiya ba. Bambancin yana wurin abin da mutum yake yi bayan ta tashi.

Auren shi ne salama da farin ciki da Almasihu ya ba masu binsa. Ya riga ya biya, ya riga ya sa rana, ranar kuwa yau ce. Amma da yawa a cikinmu muna ɗagawa. Muna cewa sai na warke, sai yaron nan ya sami aiki, sai kaya sun yi sauƙi a kasuwa, sa'an nan raina zai kwanta. Wanda ya ɗaura salamarsa a jikin rumbu ba zai same ta ba ko rumbun ya cika, gama zai koma tsoron ranar da zai ƙare. Kuma ba shi kaɗai yake shan wahalar ba; mutanen gidansa ma sai su yi shiru tare da shi.

Ku duba kuma lokacin da salama ta zo wa Irmiya. Ba bayan an tono rogo ba ne, ba bayan biki ya yi kyau ba. Ta zo yana durƙushe a cikin kara, bai ga ko ƙwaya ɗaya ba. Ban kuwa gaya muku ko gonarsa ta yi kyau a shekarar da ta biyo ba, da gangan na bari, domin salamarsa ba ta jira wannan labarin ba. Salamar da Yesu yake bayarwa tana zuwa ne sa'ad da mutum ya faɗa wa Uban gaskiyar abin da ke cikinsa, ya sauke kayan, ya bar su a can.

Kada kuma wani ya ɗauka wadar zuci ita ce naɗe hannu, ko yin kamar ba a ji zafi ba. Zakka ya yi kuka, sa'an nan ya tashi da asuba da buhu. Mai wadar zuci yana kuka, yana aiki, yana tona ƙasa ya ga abin da ya rage. Abin da ba ya yi shi ne raina abin da ke hannunsa saboda abin da ya kuɓuce masa. Baƙin bikin kuwa mu ne, ikkilisiya. Ba wanda yake da abin da zai ishe shi a ranar, amma da kowa ya kawo ɗan nasa ya tura wa na kusa, sai ya ishi kowa. Sau da yawa amsar addu'ar ɗan'uwanka tana ƙarƙashin gadonka.

Na san a cikinku akwai waɗanda fara ta sauka musu a bana. Wani ya binne nasa, wata ba ta san abin da za ta dafa jibi ba. Ba na ce muku abin ba zafi. Ina ce muku Ubangijin da ya san yunwa, ya san kuka, ya san kabari ya kuma fito daga cikinsa, yana tare da ku a tsakiyar abin, ba a ƙarshensa yake jiranku ba.

Saboda haka in mun tashi daga nan, kowa ya koma ya buɗe tukunyarsa. Abin da ya tarar, mai yawa ne ko kaɗan, ya sunkuyar da kai ya gode da dukan zuciya, sa'an nan ya leƙa ta katanga ya kira maƙwabcinsa su ci tare. A kan irin wannan tabarma Ubangiji yake son zama.